Yadda ake rage jan ƙarfe a bututun bindiga mai wuyar wankewa

Bindigar da a da take tara harsashi biyar wuri guda daga mita 100, yau kuma ta koma watsa su, ba lalle ba ne bututunta ya mutu. Kafin ka ɗora wa madubin saiti laifi, ko ka ce harsashin bana ne ba shi da kyau, leƙa cikin bututun. Sau da yawa jan ƙarfe ne ya kwanta a ciki, kuma gogewar da muka saba yi da tsumma da ɗan mai ba ta taɓa shi ko kaɗan. Tsumma yana iya fitowa fari fat alhali jan ƙarfe na nan a shimfiɗe.

Maganar ta shafi bindiga mai zane a murɗe cikin bututu, mai cin harsashi mai rigar jan ƙarfe, irin su masu kalibar .308 da .30-06 da 7x64 da .300 Magnum da .375. Mai kalibar 12 ba shi da wannan damuwa, domin bututunsa sumul yake, abin da ke maƙale masa dalma ce da roba. Haka ma mai ƙaramar .22, ita harsashinta na dalma ne marar riga. Ina kuma magana ne da wanda ke riƙe da bindigarsa da takarda, yana farauta bisa dokar farauta ta Nijar, 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998. Wanda bindigar aiki ce a hannunsa, kamar ma'aikatan gandun daji masu sintiri wajen Tesker da Termit, wanki da ruwan magani zai amfane shi, amma duk abin da ya kai ga cin ƙarfen bututu ko shafa masa rufi, wannan hurumin mai kula da ɗakin makamai ne.

Inda jan ƙarfen yake fitowa

Damagaram ba baƙuwar bindiga ba ce. Tun zamanin Sarki Tanimun ake zuba igwa a nan, ana kuma haɗa albarushi a gida. Sai dai dattin waɗancan bindigogi baƙar toka ce, ruwan zafi yana fid da ita. Abin da muke fama da shi yanzu ya zo ne bayan 1884, lokacin da Bafaranshe Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi, aka kuma ƙera bindigar Lebel a 1886 don ta ci shi. Gudun harsashi ya ƙaru har dalma tsurarta ta kasa jurewa, sai aka yi mata riga. Rigar yawancin harsashin farauta na yau kashi 95 cikin 100 jan ƙarfe ce, kashi 5 tutiya.

Da gangan ake yin harsashi ya ɗan fi ramin bututu kauri. A .308, daga tudun zane zuwa tudun da ke fuskantarsa milimita 7.62 ne, shi kuwa harsashin 7.82. In aka harba, matsin da ya kai wajen bar 4,000 ne ke cusa shi, tudun zanen ya nutse cikin rigarsa ya murɗa shi, ya fita da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa. Wurin da aka fi cin rigar shi ne maƙogwaron bututu, wato ɗan tazarar da ke gaban ɗakin harsashi inda zane yake farawa. Ƙarfen da masana'anta ke yanka wannan wuri da shi juyawa yake yi, saboda haka sawun da yake bari a gicciye suke, suna tare wa harsashi hanya. Su ne ke kankare rigar. Wani ɓangare na abin da aka kankare yana bin iskar wuta ya je ya sauka can gaba, shi ya sa za ka ga jan ƙarfe ya fi taruwa kusa da baki alhali tushen ɓarnar yana baya.

Da zarar ya fara zama, sai ya riƙa kama na bayansa, domin jan ƙarfe ya fi manne wa ɗan'uwansa a kan baƙin ƙarfe. Kowane harbi kuma yana barin baƙin hayaƙi a kansa, na gaba ya zo ya danne. Haka ake samun hawa-hawa: jan ƙarfe, baƙi, jan ƙarfe, baƙi. Ka riƙe wannan, domin shi ne dalilin da ya sa magani guda ba ya gama aikin.

Bututu mai wuyar wankewa bututu ne mai kaushi. Wani daga masana'anta ya fito a haka. Wani tsatsa ce ta huda shi ƙananan ramuka a wata damina da aka manta da shi. Wani tsohon harsashin soja ne ya ci shi, irin wanda hular tayar da wutarsa ke barin gishiri a bututu. Wani kuma zafin harbi a jere ne ya farfasa masa maƙogwaro. A ƙasarmu akwai ƙari: ƙurar hunturu tana manne wa mai, sandar goge bututu ta kwashe ta, mai bindiga ya yi ta gurza bututunsa da yashi yana ganin gyara yake yi.

Kayan aiki

Sanda ita ce ta farko, kuma a nan ba a rowa. Ka nemi mai gaɓa ɗaya, mai rufin roba ko ta zaren kabon, wadda hannunta ke juyawa da kansa don ta bi zane. Sanda mai gaɓa uku da ake ɗaurewa tana lanƙwasa a mahaɗa ta daki bango. Igiyar ja ta dace da daji, amma in ana janta a karkace tana cin leɓen bututu, kuma ta fi komai riƙe ƙura.

Sai abin da zai tsayar da sandar a tsakiya, wanda ake sawa a gurbin sakata. In ba ka da na kanti, ɗauki kwanson harsashin da aka riga aka harba na wannan bindigar, a huda gindinsa daidai kaurin sanda, a goge bakin hudar ya yi santsi. Ba zai kai na kanti ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Buroshi iri biyu: na tagulla don baƙin hayaƙi, na nailan don maganin jan ƙarfe. Kan sandar da ake soka tsumma ya zama na roba ko alminiyom. Tsumma kuwa auduga zalla, tsohon farin yadi da ya sha wanki, a yayyanka shi daidai ramin, a zuba a leda a ɗaure don ƙura. Yadin roba ba ya tsotsar komai. Ka tanadi alkol na digiri 90 daga farmasi, da man bindiga, da tocila, da safar hannu, da abin kare ido.

Maganin jan ƙarfe kashi biyu ne. Akwai masu amoniya, irin su Sweet's 7.62 da Barnes CR-10 da Robla Solo Mil: suna da sauri, suna da wari, ba a barinsu su daɗe. Akwai marasa ita, irin su Bore Tech Eliminator da KG-12, da masu kumfa irin su Wipe-Out da Forrest: sun fi jinkiri, amma sun fi sauƙi ga ƙarfe da hanci. Yawanci sai an yi sautu ake samunsu, to in za ka yi sautun abu guda, ni dai marar amoniya zan ce ka zaɓa. Amoniya iska ce da aka narkar a ruwa, kuma zafin Afrilu da Mayu, da yake haura digiri 40 a Zinder, yana korar ta daga kwalbar da murfinta bai kama ba, ka wayi gari da ruwa marar ƙarfi. Amoniyar wanke ɗaki mai kashi 5 zuwa 10 cikin 100 tana narkar da jan ƙarfe in babu yadda aka iya, sai dai ruwa ce tsagwaronta, tana barin ƙarfe tsirara ga tsatsa.

Abin da kada ya shiga bututu: tsamiya, lemun tsami, binegar, ruwan batir, toka, yashi, soson ƙarfe. Na san da wasunsu ake sa tagullar gida ta yi ƙyalli, amma tsami yana cin baƙin ƙarfe, yana kuma ɗauke baƙin launin jikin bindiga. Kada kuma amoniya ta haɗu da ruwan jabel ko a kwano ko a tsumma, domin hayaƙin da suke bayarwa guba ne.

Wankin kansa

Fara da cire gidan harsashi, ka buɗe sakata ka zare ta, ka duba ɗakin harsashi da ido, ka kuma sa yatsa. Harsasai su bar wurin gaba ɗaya. Wannan ba don tsaro kawai ba ne: tururin amoniya yana tsaga tagullar kwanso. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin kwanson harsasansu yana tsagewa bayan an ajiye su a bargar dawaki lokacin damina, daga baya aka gano amoniyar fitsarin doki ce. Gida mai doki ko turken awaki, a kula da inda ake ajiye akwatin harsashi.

Ka zaɓi safiya, a inuwa, inda iska ke wucewa amma ba ranar da ƙura ta taso ba. Kwantar da bindigar a kan abin da zai riƙe ta, baki ya ɗan yi ƙasa, don magani ya gangara waje maimakon ya koma cikin kunama ko ya jiƙa katako. Rufe madubi da ƙota da tsumma. Kullum daga baya ake shiga, a fita ta baki. Leɓen bututu shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, ɗan rauni a wurin ya isa ya lalata saiti.

Kafin ka zuba komai, duba. Tura tsumma busasshe sau biyu, sa'an nan ka sa audugar goge kunne cikin baki kamar santimita ɗaya, ka haska tocila a karkace. Farin audugar zai mayar da haske jikin bango, in akwai jan ƙarfe za ka ga layuka ja-ja a kan tudun zane. Leƙawa daga baya zuwa ga hasken rana ba ya nuna wannan, ƙyalli kawai za ka gani ka ɗauka lafiya lau. Wanda ya samu ƴar kyamarar bututu da ake haɗawa da waya, irin ta Teslong, zai ga maƙogwaron ma. Sai dai ya yi haƙuri da abin da zai gani, domin kyamara tana girmama kowane tabo, kuma bututu da yawa masu muni a hoto suna harbi daidai.

In ka taɓa harba tsohon harsashin soja, ko ba ka san asalin wanda ka harba ba, fara da ruwan zafi. Gishirin da yake bari mai ba ya narkar da shi, ruwa ne ke yi. Zuba ta baya da mazurari ya fita ta baki, ka busar nan take da tsumma tun ƙarfen yana da zafi.

Yanzu baƙin hayaƙi. Jiƙa tsumma uku da Hoppe's No. 9 ko Ballistol, ko kananzir in su babu, ka tura su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya faɗi ta baki, kada ka jawo shi baya. Bar shi minti goma. Sa buroshin tagulla a jiƙe, ka kai shi har ya fita gaba ɗaya kafin ka dawo da shi, kamar sau goma. Juya buroshi a tsakiyar bututu yana karya gashinsa, yana kuma iya maƙalewa. Bayan kowane zuwa, goge jikin sandar da tsumma. Sai tsumma busasshe har baƙin ya ragu, sa'an nan ɗaya da alkol, ɗaya busasshe. Ba a zuba magani a kan wani magani, domin ba ka san abin da haɗuwarsu za ta haifar ba.

Sai jan ƙarfe. Canza zuwa buroshin nailan da kan sanda marar tagulla. Dalili: maganin ba ya bambanta jan ƙarfen harsashi da na kayan aikinka. Mai aiki da kan tagulla zai iya kwana uku yana ganin shuɗi a bututun da ya daɗe da wankuwa, yana narkar da kayansa da kansa. In kana shakka, ɗiga maganin a kan kan sandar a bisa farin tsumma ka gani ko zai rina.

Jiƙa tsumma biyu sharkaf ka tura, ka bi da buroshin nailan sau goma don maganin ya shiga kowane lungu ya kuma haɗu da iska, domin amoniya sai da iskar shaƙa take cin jan ƙarfe. Sa'an nan ka janye hannu. Nan ne mutane suka fi kuskure, suna ganin ƙarfin dantse ne ke fid da shi. Magani ne ke aikin, naka jira ne. Masu Sweet's 7.62 sun rubuta kada ya wuce minti 15, amma wannan lissafin ƙasa mai sanyi ne. A bazararmu minti biyar zuwa takwas ya isa, domin haɗarin yana cikin bushewa: amoniyar da ta bushe a bututu tana jawo tsatsa. In lokaci ya yi, tura tsumma busasshe. Mai jan ƙarfe da yawa zai fito shuɗi kamar an tsoma shi a rijiyar marina. Sake jiƙawa, sake jira, sake turawa.

Bayan zagaye uku ko huɗu shuɗin zai dushe, ka ɗauka an gama. A bututu mai kaushi ba a gama ba, hawa na gaba na baƙin hayaƙi ka tarar, shi ya rufe jan ƙarfen da ke ƙasa. Busar, sa alkol, koma kan maganin baƙi da buroshin tagulla, busar kuma, dawo kan maganin jan ƙarfe. Za ka ga shuɗi ya dawo sabo. Bindigar da ta shekara da shekaru ba a yi mata haka ba tana iya cin safiya biyu ko uku, kuma babu laifi a raba aikin, muddin duk ranar da za ka tashi ka busar ka shafa mai.

Mai kumfa ya fi hutawa. A fesa ta baya har ta leƙo ta baki, a bar ta sa'o'i, a ture. Da zafi ka ɗaure bakin da ƴar leda don kada ta bushe da wuri. Bindiga mai aiki da iskar harbi tana da ƴar huda a bututu, kumfa tana bi ta nan, sai an kwance an goge. KG-12 kuma ba ya rina tsumma shuɗi, da shi sai dai ka koma ga audugar kunne da tocila.

Ka tsaya in ka bar magani cikakken lokacinsa tsumma ya fito babu shuɗi, ko da ɗan alama kawai. Bututun da tsatsa ta huda ba zai taɓa ba ka fari tas ba, ramukan suna riƙe da jan ƙarfe, kuma binsa har ƙarshe ɓata magani ne. Daga nan tsumma busasshe, alkol, busasshe, mai. Kada ka ce sai an jima. A watan Agusta ƙarfen da amoniya ta wanke yana iya yin ja kafin gari ya waye.

Hana shi dawowa da sauri

Wanki yana fid da abin da ya taru, bai taɓa kaushin ba. In ka harba goma jan ƙarfe ya dawo kamar ba a yi komai ba, to lokacin gyaran bango ya yi. A nan ka fara da abin da ɓarnarsa ta fi ƙanƙanta, kada ka hau na gaba sai na baya ya gaza, domin ƙarfen da aka ci ba ya tsirowa.

Mafi sauƙi ba ya cikin kwalba. Canza harsashi. Bututu ɗaya yana iya shan jan ƙarfe da wani kamfani, ya zauna lafiya da wani. Harsashin jan ƙarfe zalla na farko da Barnes ya fitar a 1989 ya yi suna wajen ɓata bututu, har a 2003 kamfanin ya fito da TSX mai tsagi a jiki don rage gogayya. In za ka koma irin wannan daga mai riga, wanke bututun tukuna. Wasu harsasan kuma rigarsu baƙin ƙarfe ce da aka yi wa wankan jan ƙarfe, maganaɗisu zai gaya maka. Akwai ma albarushin da aka sa wa sinadarin hana jan ƙarfe zama, kamar CFE 223 na Hodgdon, dabarar da masu igwa suka daɗe da sani. Ga kuma zafi: bututun da ba za ka iya riƙewa da hannu ba, bar shi ya huce. A bazara harbin gwaji na sassafe ne.

Na biyu, garafait mai laushi a cikin ruwa mai bushewa, irin wanda ake sa wa kwado, kamar Lock-Ease. Bututun da aka wanke tas ya fi kowane lokaci kankarar harsashi a harbin farko, domin ƙarfe ne a kan ƙarfe babu komai a tsakani. Tsumma ɗaya da garafait, a bar shi ya bushe, a bi da busasshe, yana ba harsashin farko abin zamewa. Yana da arha, kuma wankin gaba yana ɗauke shi. Kada a daka bakin fensir a ce shi ne, akwai yumɓu a cikinsa.

Na uku, man gurza mai laushi, J-B Bore Compound ko Iosso. Wannan yana cin baƙin da ya daskare a maƙogwaro, yana kuma rage kaifin sawun masana'anta. Naɗa tsumma a tsohon buroshin nailan, shafa man ya shiga zaren, sa ɗan mai a bututu. Yi gajerun zuwa da dawowa a santimita 15 na farko kamar sau ashirin, sa'an nan dogaye kaɗan zuwa kusa da baki ba tare da ka fita ba. Manna alama a jikin sanda don ka san inda za ka tsaya. Tsumman zai fito baƙi ƙirin ko da bututun yana da tsabta, saboda haka kada ka ce za ka bi shi har ya yi fari. Wanke sauran man sarai da kananzir, har ɗakin harsashi da gurbin sakata. Wannan aiki ne na lokaci-lokaci, ba na kowane wanki ba.

Bayan man gurza wasu suna yin horon bututu: harbi ɗaya, wanke jan ƙarfe tas, harbi ɗaya, wanke, kamar sau biyar zuwa goma, sa'an nan uku-uku. Hikimar ita ce harsashi ya goge ƙarfe kai tsaye maimakon ya bi ta kan jan ƙarfen da ya cike kaushin. Masana ba su haɗu a kan wannan ba. Gale McMillan, wanda ya ƙera bututu a Amurka, ya ɗauke shi ɓarnar harsashi ce da rage ran bututu. A ganina ga bututu mai kyau yana da gaskiya. Ga mai kaushi kuwa ana ganin bambanci, amma in harsashi ashirin bai nuna sauƙi ba, ɗari ma ba zai nuna ba, kuma mun san yadda harsashi yake da tsada da wuyar samu.

Na huɗu, rufin da ke zama a bango, kamar Dyna Bore Coat. Ruwa ne mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin tangaran, yana cike ƙananan ramuka, zafin harbi da matsinsa su gasa shi. Sharaɗinsa guda ne mai tsanani: sai a kan ƙarfe tsirara. In ka shafa shi a kan jan ƙarfe ko baƙi ko maiƙo, ka rufe datti ne, kuma zai ɓare tare da shi. Saboda haka sai an gama duk wankin da ya gabata, da man gurza, an wanke maiƙo da alkol ko asiton har sau da yawa. Girgiza kwalbar, jiƙa audugar bututu, shafa daga baya zuwa gaba ya game ko'ina, goge abin da ya shiga ɗakin harsashi, jingine bindigar baki ƙasa ta kwana a ɗaki rufe inda ƙura ba ta shiga. Washegari ka leƙa ka tabbata ramin a buɗe yake, ka harba kamar goma. Bi takardar da ta zo da shi a kan lokaci da adadi. Wankin farko bayan haka yana iya nuna jan ƙarfe da yawa, kada ka karaya, a na biyu da na uku ake ganin sauƙi. Daga nan kuma man gurza ya haramta, zai kankare abin da ka sha wahalar sawa. Rufin ba ya gyara saitin bututun da ya lalace, abin da yake yi shi ne mayar da wankin safiya uku ya koma na rabin awa.

Akwai kuma masu shafa wa harsashin kansa santsi. Moli, baƙin gari mai sulɓi, ya yi tashe a wajen masu gasar harbi, yana rage jan ƙarfe, amma yana taruwa a maƙogwaro, yana rage gudun harsashi, kuma in ya haɗu da laima yana iya huda ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Wanda zai ajiye bindiga daga Yuli zuwa Satumba bai kamata ya bar shi a ciki ba. Farin garin boron, hBN, ba shi da wannan aibu na laima. Girisin mota mai moli kuwa ba ya cikin wannan magana sam: maiƙo mai kauri a bututu yana ɗaga matsi, yana iya kumbura shi ko ya fasa.

Na ƙarshe shi ne harba harsasai masu garin gurza a jiki, daga mai kaushi zuwa mai laushi, kamar Final Finish na David Tubb, mai harsashi 50 kashi biyar. Yana gyara bututu mai kaushi sosai, amma yana tura maƙogwaro gaba, wato yana cin wani abu daga ran bututun, kuma ba a komawa. Ba a yi wa bututu mai rufin kurom, ba a yi wa wanda ke harbi daidai. Wannan sai bututun da aka riga aka fid da rai da shi, a hannun wanda ya san haɗa harsashi.

Takarda ce alƙali

Duk wannan ba don tsumma ya yi fari ake yi ba. Bututu da yawa, musamman masu kaushi, sun fi harbi daidai in akwai ɗan jan ƙarfe da ya cike musu ramuka. Saboda haka bayan babban wanki, goge mai da tsumma busasshe, harba biyu ko uku a gefe, sa'an nan ka kafa takarda a mita 100 a wurin da ke da tudu a baya, ka harba biyar daga kan buhun yashi. Rubuta kwanan wata, irin harsashi, faɗin taruwarsu, da adadin harbi tun daga wanki. Ci gaba da rubutawa duk lokacin da ka harba. Ranar da ka ga sun fara buɗewa, ka sami adadin bindigarka, kuma shi za ka riƙa bi. Wata tana kai ɗari ba ta damu ba, wata tun a ashirin take canzawa. Tsakanin manyan wanki, fid da baƙin hayaƙi da shafa mai ya wadatar. Kada kuma ka yi babban wanki daren fita daji, domin harbinka na farko zai iya sauka inda ba ka saita ba.

A kan hanya, manna sikocin lantarki ɗaya a bakin bututu daga waje. Iskar da ke gaban harsashi tana yage shi, ƙurar hanyar Tanut ko Gure kuma ba ta shiga. Cusa tsumma a ciki ne ba a yi, domin ana mantawa da shi. A gida jingine ta baki ƙasa, mai kaɗan, ba a cikin gidan fata ba: aikin dukawanmu yana da kyau a tafiya, amma fata tana riƙe laima a damina. Kafin kowane harbi zare sakata ka leƙa, zanzaro yana son ramin bututu.

In an yi duk wannan harsasai suna nan a watse, duba kusoshin da ke ɗaure ƙarfe da ƙota da na madubi, ka duba leɓen bututu da gilashin ƙara girma ko akwai tabo. Leɓe ana iya sake yanka shi. Sa'an nan, da sakata a waje, ɗauki harsashi ka sa kansa a bakin bututu. A lafiyayyen bututu zai tsaya da sauran rigarsa a waje. In ya nutse har wuyan kwanso ya taɓa baki, zanen wurin ya cinye, babu ruwan magani ko rufin da zai dawo da shi, sai dai a yanke bakin ko a canza bututu a wurin mai izinin yin wannan aiki.